Hukuncin Watan Afrilu

'Yan'uwa ɗalibai, mun ƙi yarda da hukuncin da ake yanke wa gwani tun tafiya ba ta yi nisa ba. A watan Afrilu na 2004, Derek Jeter, kyaftin ɗin ƙungiyar besbol ta New York Yankees a Amurka, ya ɗauki sanda sau 32 a jere bai dace da bugu mai amfani ba. Sai 'yan kallon gidansu suka dinga yi masa ihu, alhali sau huɗu yana taya su cin kofin zakaru. Haba jama'a!

A wannan wasa fa, mai dacewa sau uku cikin goma shi ne gwani. Kaka guda kuwa wasanni 162 ce. Me wata ɗaya zai nuna? Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanene cikinmu zai yarda a kore shi daga jami'a saboda gwajin makon farko?

Kakar ta ƙare yana dacewa sau 29 cikin ɗari, ya kuma tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 23. Ɗaya daga ciki ran 29 ga Afrilu ya buga ta, masu ihun nan suka miƙe suna tafi ba kunya.