Jirgin sama ko rudun albasa: ina masu walda a gida za su dosa?

Maƙalar wannan makon za ta ɗan ɗauke mu daga kan takarda ta kai mu wurin ƙarfe da tartsatsin wuta. Ku yi haƙuri ku biyo ni, akwai rabonmu a ciki.

A garuruwanmu walda sana'a ce ta neman abinci. Wanda ya bi hanyar Jega zuwa Sakkwato ya ratsa ta Aliero zai ga shagunan masu walda a bakin titi, ƙofofi da tagogi jingine da bango suna jiran masu su. Amma mutum ya sayi injin walda ya ajiye a gida don sha'awa kawai, yana taɓawa da yamma bayan ya taso daga ofis ko makaranta, wannan baƙon abu ne a wurinmu. Za a ce kuɗi ne suka yi masa yawa. A Amurka da Turai kuwa ba abin mamaki ba ne ka ga malamin makaranta ko likita yana da ɗan ɗakin aiki a bayan gida inda yake haɗa tebur ko murhun gashi a ranar hutu.

Abin ya fara canzawa tun da ƙananan injinan walda masu infata suka shigo kasuwa, irin waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa kamar jaka. A da sai dai wannan ƙaton taransifoma da ake naɗawa da hannu, wayoyinsa a waje, mutum biyu ke ɗaukarsa da ƙyar. Yanzu ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai iya tara kuɗi ya mallaki nasa. Ra'ayina shi ne wannan mutumin da ake yi wa dariya yana riƙe da wani abu da mai shago ba shi da shi, wato ikon ɓata ƙarfe ba tare da iyalinsa sun kwana da yunwa ba. Kuma ina ganin har yanzu ba mu san inda ya kamata mu nuna masa ya dosa ba.

Mai shago ba ya gwaji, kuma ba laifinsa ba ne. Ƙarfen da ke gabansa da kuɗin mai aiki aka saye shi. Man janareto tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi da cokali. Ga yara masu koyo da zai ba kuɗin abinci. Idan ya yanka fayif ya gwada wani sabon abu bai yi ba, wa zai biya? Shi ya sa yake tsayawa kan ƙofa da taga da gadon ƙarfe da ƙafar tankin ruwa, abin da ya san zai fita a saya. Wanda ke da albashi ko gona, walda kuma sha'awa ce gare shi, shi ne zai iya yin abu sau uku yana lalacewa ya tashi ya sake na huɗu.

To me masu wannan dama suke ƙerawa? Mu duba abin da muke yaɗawa a Facebook. Yaro ya haɗa mota da gwangwani, wani ya ƙera jirgi, a ɗauki hoto, a yi ta kiran gwamnati ta taimaka, bayan sati biyu a manta. Labarin da ya fi shahara shi ne na Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gida da tarkacen motoci da babura, ya sa masa injin Honda Civic. Wata takwas ya yi yana aikin, kuma jirgin ya ɗaga daga ƙasa kimanin ƙafa 7. Kafafen labarai na duniya sun ɗauka. Ba na raina wannan ƙoƙari ko kaɗan, yaro ne mai kai. Sai dai ya bar mana wani tunani da ya zauna a zukatan matasa, cewa ƙirƙira ita ce yin abin da zai sa a taru a yi kallo.

Ku kwatanta da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan magina tukwane. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan na tashi yana sanyaya abin da ke ciki, tumatir da yalo suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. Babu wanda zai tsayar da mota don ya kalli tukunya. Amma ita ce ta shiga gidajen talakawa, ita ce kuma ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Mu a nan tukunyarmu albasa ce. Kowa ya san Aliero da ita, daga nan ake loda manyan motoci zuwa kudu har da ƙetare. Kowa kuma ya san ciwon da ke cikinta. Lokacin cira, wajen watan Maris da Afrilu, kasuwa na cika farashi ya faɗi warwas. Wanda ya iya ajiyewa har damina ta yi nisa shi ke cin riba. Sai dai ajiyar ita ce matsalar. Manomi zai zuba ta a rudu, bayan 'yan watanni ya buɗe ya tarar wata ta ruɓe, wata ta tsira, wata ta motse ta rage nauyi. Rudu fasaha ce ta iyayenmu kuma tana da hikima, domin kara da ciyawa ba sa riƙe zafi. Rauninta a itacen yake: gara na ci, ƙasan na lotsawa, iska ta daina ratsawa, danshi ya taru a tsakiya, ɗaya ta ruɓe ta shafi sauran.

Albasa ba ta neman firji. Abin da take so shi ne inuwa, da bushewa, da iska mai shiga ta ƙasa ta fita ta sama, kuma kada a tula ta da yawa har ta ƙasa ta danne. A jihar Maharashtra ta Indiya, inda babbar kasuwar albasa ta Lasalgaon take, manoma na amfani da wata rumfar ajiya mai ƙashin ƙarfe, an ɗaga ta daga ƙasa, an shimfiɗa gora ko katako da tazara a ƙasa da gefe don iska ta wuce. Babu wani sirri a ciki. Ƙarfe mai kusurwa ne da fayif da awo mai kyau. Abin da ya rage shi ne wani ya zauna ya daidaita ta da yanayinmu. Wane faɗi ne iska za ta iya ratsawa har tsakiya a zafin Afrilu? Ƙafafun su kai wane tsawo don feshin ruwan sama kada ya taɓa? Rufin kwano zai dafa albasar, to a bar ƙashin na ƙarfe a rufe da ciyawa, ko a yi rufi biyu? Za a iya yin ta da noti yadda za a kwance a ɗora a amalanke? Waɗannan tambayoyi ba a amsa su da baki. Sai an ƙera biyu ko uku, an zuba buhu ɗaya ɗaya, an auna nauyi ranar zubawa da ranar kwashewa, an ajiye rudun gargajiya a gefe don kwatance. Aikin shekara guda ne ko biyu da babu ko sisi a cikinsa, kuma mai shago ba zai yi shi ba.

Haka batun ban ruwa. Tsadar fetur ta sa masu lambu da dama sun koma famfo mai aiki da hasken rana. Faifan sola kuwa yana son ƙafa, kuma manomi ba zai bar shi ya kwana a fadama ba saboda ɓarayi. Ga aiki nan: ƙafa mai taya, marar nauyi, wadda za a naɗe a tura gida. Aliero tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka faifan da aka kafa zai fi amfani idan ya ɗan karkata da kusan wannan awon yana fuskantar kudu. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin nan tun 2006 ya san wannan lissafi. Mai walda na bakin titi ya san yadda zai haɗa kusurwar da ba za ta ɓalle a kan hanyar gona ba. Da wuya ka ga su biyun a inuwa ɗaya. Mai walda don sha'awa shi ne mutumin da zai iya zama duka biyun.

Na san za a ce ina tura yara su je su kashe kansu a tsakar gida. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma a nan ba na sassautawa. Wutar walda tana haura digiri 3,000, ƙarfe kuwa yana narkewa a wajen 1,500. Haskenta yana ƙona fatar ido, kuma mugun abin shi ne ba a ji nan take. Sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, cikin dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. Baƙin tabarau na kasuwa da muke gani a fuskar yaran shago ba ya tare wannan haske. Garkuwar fuska ake so mai gilashi lamba 10 ko sama da haka, ba kuma mai aikin kaɗai ba, har yaran gida da ke taruwa kallo sai an kore su. Fayif mai farin shafi na zinki, idan aka ƙona shi, hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki, sai a waje inda iska ke kaɗawa. Tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko ya shekara babu komai a ciki, tururin da ya rage zai iya tarwatsa shi, kada sabon hannu ya kusance shi da wuta. Ga jiƙaƙƙiyar ƙasa da silifas da waya mai tsirara. Ga dangar kara da rumbu a kusa, tartsatsi ɗaya ya isa a lokacin hunturu.

Saboda haka bidiyon YouTube bai isa ba. Wanda ke so ya fara, ya je wurin mai shago ya gaishe shi da ladabi, ya nemi ya riƙa zuwa ranar Asabar, ya biya idan an ce ya biya, ya yi shara ya riƙe ƙarfe kamar kowane yaron shago ko da digirinsa a aljihu. A nan zai koyi abin da ido da kunne kaɗai ke koya: ƙarar da wuta ke yi idan ta daidaita, bambancin sandar walda geji 12 ta siririn ƙarfe da geji 10 ta mai kauri, dalilin da ya sa ake ɗiga walda a kusurwoyi a sake aunawa kafin a bi layi gaba ɗaya, domin zafi na janye ƙarfe ya karkace. Garin da ya yi suna da ɗorin ƙashi bai kamata a tsaya yi masa bayanin cewa haɗa abin da ya rabu sai an zauna gaban wanda ya iya ba.

Masu cewa hakan zai rage wa masu shago ciniki, ina ganin akasin haka ne zai faru. Mai sha'awa ɗaya zai ƙera, ko biyu. Ranar da rumfar ajiyarsa ta yi aiki maƙwabta suka gani, oda hamsin ɗin da za ta biyo baya shagunan Aliero da Jega da Maiyama za ta tafi. Haka wurare irin su Fanteka ta Kaduna suke rayuwa, wani ya fito da samfuri, saura su kwaikwaya su gyara.

Yanzu ga rabonmu. Idan wani ya yi wannan gwajin ya dace, a ina manomin Maiyama zai karanta yadda aka yi? Kusan duk bayanin walda da ke intanet da Turanci yake. Mu kuma da muke kiran kanmu marubuta mun cika shafuka da Alhaji mai kamfani da likita da soja, har yau ban ci karo da labarin da jaruminsa mai walda ne ba, wanda marubucin ya san me ake riƙewa da hannun dama me ake riƙewa da na hagu. Ƙira ta gargajiya tana da kalmominta cikakku: uwar maƙera, zugazugi, masaba, awartaki, kashin maƙera. Akwai maƙeran baƙi da maƙeran fari, akwai Sarkin Maƙera, a Sakkwato har unguwa guda ake kira Maƙera Assada. Walda ta zo ta buɗe ƙofar ƙarfe ga wanda bai gada ba, amma kalmominta na yawo a bakin yaran shago, rabi Turancin da aka lanƙwasa, rabi ƙirƙirar wurin, ba wanda ya rubuta. Me suke kiran ɓawon da ake ƙwanƙwasewa bayan walda ta huce? Me suke cewa idan wuta ta yi yawa ta huda ƙarfe? Sunan da ake faɗa a Jega shi ne ake faɗa a Kano?

Rubuta bayanin aiki da Hausa, mataki bayan mataki, da awo daidai, yadda wanda bai taɓa gani ba zai bi ya yi, ya fi rubuta hirar masoya wuya nesa ba kusa ba. Jimla ɗaya ta kauce, mai karatu ya yanka ƙarfensa ba daidai ba. Wanda ke son gwada alƙalaminsa ya ɗauki littafi ya je shagon da ya fi kusa da gidansu cikin makon nan, ya nemi izinin mai shagon, ya zauna nesa da hasken, ya rubuto mana yadda ake haɗa murhun gawayi tun daga yanka har fenti. Sunayen kayan aikin da ya jiyo ya ajiye mana su a ƙasan wannan rubutu, tare da garin da ya ji kowanne.