Jinin Dasashi da Cutar Zaizayar Baki: Inda Aiki Ya Rage

Ran 15 ga watan Disamba na shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa ta shigar da cutar nan da likitoci ke kira noma, Hausawa kuma suke ce mata zaizayar baki, cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka daɗe da yin watsi da su. Gwamnatin Nijeriya ce ta kai wannan buƙata gaban Hukumar a watan Janairu na shekarar, a madadin ƙasashe 32. Ko shakka babu abin a yaba mata ne, domin shiga wannan jeri yakan jawo hankalin masu bincike da masu ba da gudummawa zuwa ga cutar da a da ba mai ambatonta. Amma fa sanarwa ba ta warkar da yaro. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne wurin da cutar take farawa, gama a nan ne kaɗai ake iya tare ta da kuɗi kaɗan. Wurin nan kuwa shi ne dasashi, watau naman da ya riƙe haƙora, wanda yawancin mutane, manya da yara, ba su kula da shi sai ya yi jini, wasu ma ko ya yi jinin.

Sunan noma ba shi da wata dangantaka da aikin gona. Kalma ce daga harshen Girka mai ma'anar cinyewa, kuma abin da cutar take yi ke nan. Takan kama yara masu shekara 2 zuwa 6, galibi waɗanda tamowa ta raunana, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, a gidajen da talauci ya yi katutu. Da fari dasashin yaro yakan yi ja ya kumbura, yana jini in an taɓa. Sa'an nan sai ya fara miki, baki ya riƙa wari mai tsanani, yawu yana dalala, yaro ya ƙi cin abinci. Bayan wannan kunci ko leɓe ya kumbura, wani tabo baƙi ya bayyana a fata, naman ya ruɓe ya zube, har cutar ta kai ga ƙashi da hanci da ido. Daga mikin dasashi zuwa hujewar kunci sau da yawa bai wuce mako biyu ba. A matakai biyu na farko magani mai sauƙi ne: ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol, waɗanda ake samu a ƙananan asibitoci, da wanke baki da ruwan ɗumi mai gishiri, da abinci mai gina jiki. Da zarar nama ya mutu kuwa, babu maganin da zai mayar da shi.

Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar 1998 ta ce yara 140,000 ne ke kamuwa kowace shekara, kuma misalin kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Tsufan wannan ƙididdiga shi kansa shaida ne na irin sakacin da aka yi. Cutar ba ta Afirka kaɗai ba ce: an san ta a ƙasashen Turai har zuwa ƙarni na 19, ta ɓace sa'ad da abinci da tsabta suka inganta, ta sake ɓullowa a sansanonin gwale-gwale na Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka hora mutane da yunwa. Watau cuta ce da ke bin yunwa duk inda ta sauka, kuma ba ɗaukarta ake yi daga wani zuwa wani ba.

A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin wannan cuta, wanda aka buɗe a shekarar 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta fara tallafa masa a shekarar 2014. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar ƙungiyar Sentinelles ta soma irin wannan aiki tun shekarar 1992. Likitocin fiɗa na waɗannan wurare suna yin aikin da ya cancanci jinjina: su ɗebo fata daga wani sashen jiki su rufe kunci, su saki muƙamuƙin da ya kulle shekara da shekaru don mai shi ya iya tauna da magana. Sai dai aiki ne mai tsada, wanda akan yi shi hawa-hawa, kuma wanda ya isa gare shi ɗaya ne daga cikin 'yan kaɗan da suka rayu. Sauran an binne su a ƙauyuka ba tare da an rubuta sunan cutar a wani littafi ba.

Me ya sa ake kai yara a makare? Nisa da rashin kuɗin mota na ciki, haka kuma rashin tsaro da ya raba mutane da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato da gonakinsu, ya ƙara yunwa, ya rufe wasu ɗakunan shan magani. Akwai kuma al'ada. Uwa takan ga zazzaɓi da gudawa da kumburin dasashi ta ce haƙori ne, a bar shi zai wuce. In kunci ya kumbura a ce iska ce, a nufi mai magani da turare. Amma ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan iyaye mata. Da yawa daga cikinsu sukan kai yaron ɗakin shan magani, ma'aikaci ya auna zafin jiki, ya rubuta maganin zazzaɓi, ya sallame su, bai ce wa yaron ya buɗe baki ba. Ba a koya masa ba, ba a kuma tambayarsa a rahoton wata. Wannan giɓi yana cikin tsarin aikin lafiya ne, kuma hukuma ce take da ikon cike shi.

Wannan halin ko-in-kula da dasashi bai tsaya kan yaran karkara ba. Ma'aikacin ofis da ke ganin jini a kan buroshinsa kowace safiya, ya ce ai buroshin ne ya yi tauri, shi ma yana kan matakin farko na wata cuta, ko da yake tasa a hankali take tafiya. Yadda abin yake shi ne, kullum wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, tana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. In ba a kawar da ita ba sai dasashi ya kumbura ya riƙa jini. A shekarar 1965 wani masani mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka gwada wannan a ƙasar Denmak: suka sa wasu mutane masu lafiyar baki su daina goge haƙora baki ɗaya, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin misalin mako guda. Darasin a fili yake. Dasashi mai jini yana neman ƙarin gogewa ne a hankali, mutane kuwa sukan yi akasin haka, su kauce wa wurin don tsoron jinin.

In aka bar dauɗar ta daɗe sai ta sandare ta yi tauri kamar dutse, yadda buroshi ko asuwaki ba za su iya cire ta ba sai an kankare a asibiti. Daga nan cutar takan gangara ƙasa, ta riƙa cin ƙashin da ya riƙe saiwar haƙori, shekara bayan shekara, ba tare da wani ciwo ba. Ranar da haƙori ya fara girgiɗi sai a ce tsufa ne, alhali kuwa ƙashin da ya zaizaye ne, kuma ba ya komawa yadda yake. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa kusan mutum miliyan dubu uku da rabi ne ke fama da cututtukan baki a duniya, daga cikinsu misalin miliyan dubu ɗaya na da ciwon dasashi mai tsanani.

Mai ciwon sukari ya fi kowa buƙatar lura, domin cututtukan biyu suna ƙarfafa juna: yawan sukari a jini yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar da sukarin. Mai shan taba yana cikin haɗari ninki, saboda taba tana hanzarta cin ƙashi, tana kuma tsuke hanyoyin jini har ta ɓoye jinin da zai zama gargaɗi. Mace mai ciki takan ga dasashinta yana kumbura fiye da da, wannan kuwa dalili ne na a duba bakinta a wajen awo. Goro, abin ƙaunar dattawa, da fure da matan da suke rina haƙora da shi, sukan lulluɓe haƙori da launi har mai shi ya kasa ganin dauɗar da ke gindinsa.

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin 'yan boko da sauran jama'a a kan asuwaki da buroshi, kuma gardama ce marar amfani. Asuwaki, wanda addini ya kwaɗaitar da yin sa kuma ake samunsa kyauta daga itatuwa irin su darbejiya, yana kawar da dauɗa sosai in an tauna bakinsa ya yi laushi, aka kuma bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. Aibin yana ga yadda ake yin sa: mutum ya saƙala shi a baki yana hira rabin sa'a, ya goge haƙoran gaba guda shida da mutane ke gani, ya bar na ƙurya da bayansu. Abin da asuwaki ya rasa shi ne sinadarin fuloraid da ke cikin man goge baki, wanda jama'a ke kira makilin, shi ne kuwa mai ƙarfafa haƙori ya hana shi ruɓewa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. Saboda haka wanda ya yi asuwaki da rana, ya goge da buroshi mai laushi da makilin na minti biyu da safe da kuma kafin barci, ya tofar ba tare da ya kurkure da ruwa ba, ya haɗa amfanin biyun. Na dare ya fi muhimmanci, gama yawu yakan ragu cikin barci, shi ne kuma wanda aka fi mantawa. Dirza haƙori da gawayi ko toka kuwa yana cinye fatar haƙorin ne, ko da ya sa shi fari na ɗan lokaci.

Game da yara, kuskuren da ya fi yawa shi ne cewa haƙoran nono ai za su faɗi, don haka ba sai an wahala ba. Haƙoran nan guda 20 su ne ke riƙe wa na manya gurbi, kuma babban haƙorin tauna na dindindin yakan fito tun yaro yana misalin shekara 6, a bayan na nono, iyaye su ɗauka shi ma na famfara ne su bar shi ya ruɓe. Ana fara gogewa daga ranar da haƙori na farko ya fito, wajen wata shida, da man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, bayan shekara 3 a ƙara ya kai ƙwayar wake, babba kuma ya riƙa tsayawa a kai har yaro ya kai shekara bakwai ko takwas. Uwar da ta saba buɗe bakin ɗanta kullum ita ce za ta fara ganin miki ranar da ya ɓullo, wannan kuwa shi ne mahaɗin tsabtar yau da kullum da yaƙi da zaizayar baki. Sauran kariyar ita ce shayarwa, da abinci mai gina jiki lokacin yaye, da allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15.

Ta fannin hukuma, matsalar tana da tarihi. Makarantun koyon likitancin haƙori na farko a ƙasar nan, watau na Ikko da Ibadan da Ife da Binin, duk a kudu suke. Na Maiduguri da Kano sai daga baya suka zo. Har yanzu yawancin likitocin haƙori a manyan birane da asibitocin koyarwa suke, mutumin ƙauye kuwa ba ya ganinsu sai ranar cire haƙori. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan lafiyar baki a shekarar 2012, wadda ta yi nufin a shigar da wannan aiki cikin kiwon lafiya na matakin farko, amma ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma a can ne takardar takan kwanta. Kazalika Dokar Kuɗi ta shekarar 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, sai dai dokar ba ta keɓe kuɗin domin aikin lafiya ba, naira goma kuma ba ta hana kowa saye.

Ba lalle ne a jira ranar da kowace gunduma za ta sami likitan haƙori ba. Ma'aikacin lafiya na ƙauye da ungozoma da mai ba da allurar rigakafi da mai auna dantsen yara a cibiyar tamowa, dukkansu yara suna bi ta hannunsu kowace rana. Koya musu alamun nan, watau jini da miki da wari da kumburi, aikin 'yan kwanaki ne, kayan aikin kuma tocila ce da safar hannu. Makarantun horar da ma'aikatan lafiya na jihohi za su iya sa wannan cikin manhaja, malaman firamare su mayar da duba baki cikin duba tsabta na safe kamar yadda ake duba farce, masu maganin gargajiya da wanzamai kuma, waɗanda su ake fara kai wa yaran, a jawo su a nuna musu alamar da ta wajaba su tura yaro asibiti a ranar. Ma'aikatun lafiya na jihohi su ƙara layi guda a takardar rahoton wata: yara nawa aka duba bakinsu, nawa aka samu da mikin dasashi, nawa aka ba magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe shekarar 2030 a shirinta na lafiyar baki, kuma da irin waɗannan alƙaluma na ƙananan asibitoci ne za a tambayi kowane kwamishinan lafiya abin da jiharsa ta yi.