Jitar lantarki: Yawan firet ba shi ne dalilin kashe kuɗi ba

Matashin da ya tara kuɗi wata da watanni don sayen jitar lantarki ta farko yakan yi abin da ya saba yi wajen sayen waya. Sai ya buɗe intanet ya jera lambobi, wannan tana da firet 21, waccan 22, ga wata mai 24, sannan ya ɗauka cewa mai lamba mafi girma ita ce ta fi. Masu amfani da waya sun riga sun koyi darasi a kan wannan, domin kyamara mai megafiksel 108 ba lallai ta fi mai 12 fitar da hoto mai kyau ba. Haka abin yake a jita. Abin da ke sa hannu ya kai sautukan sama cikin sauƙi shi ne yadda aka haɗa wuya da jiki, kuma a nan ya kamata mai ƙaramin kuɗi ya sa ido.

Firet su ne ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuyan jita, inda ake danna tsirkiya don canza sauti. Firet na 12 yana daidai tsakiyar tsirkiya. Daga nan zuwa sama tazarar tana ta matsewa. A jita irin Fender Stratocaster, wadda tsawon tsirkiyarta ya kai inci 25.5, gurbin farko ya kusa santimita 3.6, amma tsakanin firet na 21 da na 22 bai wuce santimita 1.1 ba. A wannan matsattsen wuri ne makaɗi ke fitar da sautukan da ke tashi sama da sauran kayan kiɗa, kuma a nan ne katakon jikin jitar ke fara tare hannu.

Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci. Na farko shi ne yankan da aka yi wa jikin jitar kusa da wuya. Gibson Les Paul, wadda ta fito a 1952, gefe ɗaya kawai aka yanke mata, jikinta kuma mai kauri ne, wuyan yana shiga jiki a firet na 16. Yatsu huɗu suna iya wucewa ta ƙasa, amma babban yatsa yana maƙalewa a baya. Stratocaster ta 1954 tana da ƙaho biyu, wato an yanke ta sama da ƙasa. Gibson SG ta 1961 ta fi su duka sakin wuya, domin kusan dukan firet ɗinta 22 a waje da jiki suke.

Na biyu shi ne dunduniya, wato tudun katakon da ke bayan jita daidai mahaɗar wuya da jiki. Hotunan talla ba sa nuna ta, tun da ta gaba ake ɗaukar su. A Stratocaster ta gargajiya dunduniyar mai kusurwa huɗu ce, da farantin ƙarfe da kusoshi huɗu, tana kuma tokare tafin hannu. Kamfanin Ibanez ya zagaye tata ya rage mata kauri a yawancin jitocinsa na zamani samfurin RG, shi ya sa hannu ke zamewa har ƙarshe. Jita mai firet 24 da dunduniya mai kauri ta fi wahalar kaɗawa a sama a kan mai 22 da aka sassaƙa da kyau. Firet ɗin da yatsa ba ya kaiwa, ado ne kawai aka biya wa kuɗi.

Sannan a duba abin da ƙarin firet biyun ke bayarwa. A siririyar tsirkiya, firet na 22 yana ba da sautin D, na 24 kuma E. Mai firet 22 yana iya tura tsirkiya sama da yatsa ya sami wannan E ɗin, abin da makaɗa ke yi shekara da shekaru. Akwai kuma abin da ake rasawa. Don a sami wurin firet 24, dole a matsar da fikof na kusa da wuya, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya, zuwa baya kaɗan. Wannan yana rage taushin sautin da mutane da yawa ke so a Stratocaster da Les Paul.

Misali mafi kusa da gida shi ne Mdou Moctar, makaɗin Abzinawa daga Jamhuriyar Nijar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin kuma suka yaɗu a yankin Sahel daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori. Yau yana zagaya duniya da Stratocaster ta masu hannun hagu, yana kuma hawa can saman wuya da gudun da ke ba mutane mamaki. Ƙirar 1954 ba ta hana shi komai ba.

Masu son Les Paul suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Jimmy Page da Slash sun yi suna da ita, sautinta mai kauri ne, tana kuma riƙe sauti ya daɗe bai mutu ba. Wanda wannan sautin ya sa shi son jita, ya sayi Epiphone Les Paul ya koyi fitar da babban yatsa gefe idan ya hau sama. Haka ma mai son kiɗan metal, inda ake rubuta wasu sassa musamman don firet na 23 da na 24, yana da dalilin neman Ibanez GRG121DX ko Jackson JS22, dukansu masu 24 ne kuma cikin masu araha suke. Amma waɗannan mutane biyu sun san abin da suke nema. Matsalar tana ga sabon shiga da zai ƙarar da kuɗinsa kan suna ko lamba, alhali shekararsa ta farko kusan duka tsakanin firet na 1 da na 12 zai yi ta.

Ga irin wannan mai saye, zaɓi mafi hankali shi ne jita mai ƙaho biyu daga sashen masu araha na manyan kamfanoni. Squier na Fender ne, Epiphone na Gibson, GIO na Ibanez. Yamaha Pacifica 112V, mai firet 22, ta daɗe da suna wajen inganci a farashi mai sauƙi, tana kuma da fikof iri biyu, mai sauti garau da mai kauri. Epiphone SG ta fi ta sakin wuya, sai dai kanta yakan rinjaya ƙasa idan an rataya ta a tsaye, don haka tana son maɗauri mai faɗi. Abin gudu shi ne jita mai arha da ke ɗauke da gadar Floyd Rose. Canza tsirkiya a kanta aiki ne, kuma idan ƙarfen ba mai kyau ba ne, saitin sauti ba ya zama. A guji kuma duk wata mai tambarin Gibson da ake sayarwa a farashin Squier. Les Paul Standard ta gaske ta haura dala 2,000, jabunta kuma sun cika kasuwannin intanet.

Kuɗin ma bai kamata ya tafi kan jitar kaɗai ba. Jitar lantarki ba ta da murya sai da amfilifaya, ga kebul, ga maɗauri, ga tsirkiyar canji. Inda wuta ba ta da tabbas, ƙananan na'urori sun fi amfani: Boss Katana Mini tana aiki da batir AA guda shida, Fender Mustang Micro ana cajinta a saurara da abin kunne, iRig kuma yana haɗa jita da waya a yi amfani da manhaja irin AmpliTube. Manhajar GuitarTuna tana saita tsirkiya ba sai an sayi wata na'ura ba. Ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don waɗannan ya fi a dawo gida da jita mai tsada da babu abin jona ta.

Akwai wani kuɗin da mutanen arewa musamman bai kamata su manta ba, na gyaran saiti. Iskar hunturu tana busar da katako, wuya ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan firet su fito suna yankar hannu, wani lokaci wuyan ya lanƙwashe tsirkiya ta yi nisa da firet. Wannan nisan a sama ya fi tsanani. Jita mai kyakkyawar dunduniya amma tsirkiyarta ta tashi sosai a firet na 17 za ta gajiyar da yatsu kamar kowace. Mai gyaran da ya iya juya sandar ƙarfen cikin wuya, ya sauke gada, ya goge bakin firet, zai iya mayar da jita mai arha ta yi daɗin hannu fiye da mai tsadar da ba a taɓa saitawa ba. Ajiye ta cikin jaka, nesa da rana, yana rage matsalar.

Kafin a biya, ko a shago a kasuwar Alaba ta Legas ko a hannun wanda ya yi amfani da ita, gwajin minti biyar ya isa. A rataya jitar a tsaye, a sa ɗan ƙaramin yatsa a firet na ƙarshe, a ji ko tafin hannu ya tokare. A kaɗa kowane firet daga na 12 zuwa sama a kan tsirkiya shida, a saurari zizar ƙarfe ko sautin da ke mutuwa da wuri. A shafa gefen wuya a ji ko akwai kaifi. Idan ta intanet za a saya, a nemi mai sayarwa ya turo hoton bayan jitar daidai mahaɗar wuya, da ɗan bidiyo yana kaɗa firet na sama ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi turowa, a nemi wani.