DAGA ƘOFAR GIDA: Keke Ba Birki, Bajinta Ko Ganganci?

Yau dai ba maganar lefe ko kishiya na zo da ita ba, maganar keke ce. Kada ku yi saurin buɗe shafi na gaba, domin a cikinta akwai soyayya, akwai kuma rai.

Makon jiya na je gida Dagumawa gaishe da yayata. Ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai ga ɗanta ya ɓullo a guje kan wani ɗan guntun keke, irin wanda ake kira BMX, da babansa ya sayo masa a gwanjo. Ya ɗaga tayar gaba, ya murza kan keken ya zagayo, sannan ya dunƙulo kaina. Sai da ya zo dab da tabarmata ya sa ƙafa ya danne tayar baya, ƙura ta turnuƙe. Na duba hannun keken, wayam, ba birki ko ɗaya.

Na ce, "Kai, ina birkin? Lalacewa ya yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ai ni na kwance shi. Gwanaye ba sa hawa da birki, zo ka gani a waya."

Na karɓa na kalla. Gaskiya yaran Turawan nan sun iya, ba ƙarya. Amma ina kallo ina shafa wani tabo da ke haɓata, wanda ya girmi yaron nesa ba kusa ba.

Bari in tona wa kaina asiri. Lokacin ina saurayi akwai wata yarinya da ta hana ni barci. Ba ni da Rali, ba ni da Fonis, sai dai keken haya. Kuma duk wanda ya hau keken haya a zamaninmu ya san halinsa: ba ƙararrawa, ba birki, silifas ɗinka shi ne birkinka. Ran nan na hango ta da ƙawayenta sun ɗauko ruwa, sai shaiɗan ya raɗa mini cewa yau ce ranar nuna gwaninta. Na saki hannu biyu na biyo gangare ina fito. Da na zo tsayawa na kai ƙafa kan taya, silifas ya tsinke, ƙafar ta zame. Ban farka ba sai a gindin katanga, haɓa a fashe, tulun wata baiwar Allah a tarwatse. Na biya kuɗin tulu, na biya gyaran wili, na yi wata guda ina shan kunu kawai.

Yarinyar nan ita ce uwargidana a yau. Da na tambaye ta bayan aure ko bajintata ce ta burge ta, sai ta ce, "Wace bajinta Malam? Wallahi saura kaɗan in fasa, don na ce wanda bai tausaya wa kansa ba, ni zai tausaya wa?" To samari kun dai ji da kunnenku.

Yanzu mu koma kan abin da yaron ya nuna mini, don kada a ce Kawu ya yi hukunci cikin jahilci. Wasan BMX ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka wajen farkon shekarun 1970, inda yara suka riƙa kwaikwayon masu tseren babur da kekunansu. Ya bunƙasa har tserensa ya shiga gasar Olamfik a Beijin a 2008, wasan juyi da tsalle-tsallensa kuma ya shiga a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. Gaskiya ne wasu masu juyin suna cire birki, dalili kuwa wayar birki tana nannaɗewa idan an murza kan keke ya zagayo. Amma su masu tseren, dokar gasa ta wajabta musu birkin baya.

Akwai kuma wani wasan da ya taso daga yankin Kataloniya na ƙasar Sifen a shekarun 1970, inda mutum zai riƙa tsallake duwatsu da kututture a kan keke ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Waɗannan su ne sarakan iya keke, kuma birki shi ne jarinsu, da shi suke daskarar da taya su tsaya cak a kan dutse. 'Yan kaɗan ne cikinsu suke gwada yi babu shi, su ma bayan sun shekara da shekaru suna koyo.

Abin da waya ba ta nuna wa 'ya'yanmu shi ne, yawancin wasan nan a fili na musamman ake koyonsa, da hular kwano a ka. Mu fa? Lungunmu akwai akuya, akwai yaro mai rarrafe, akwai tsohuwa mai sanda. Da ka fito kuma sai babban titin Kano zuwa Maiduguri, wanda ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, manyan motocin shanu ke cika shi maƙil. A nan ne za ka ce silifas zai tsayar da kai? Ku sani, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya ninkawa yake yi wajen sau huɗu. Kuma mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake, wadda ƙafarka ba ta isa ta taɓa ba sai ka kifa.

Ko can ƙasar Turawan ba a kyale ba. A birnin Landan a 2016 wani matashi a kan keken da ba shi da birkin gaba ya buge wata mata mai 'ya'ya biyu tana tsallaka titi, ta rasu. A 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tabon haɓata ni kaɗai na ɗauka, amma wannan marayu ya bari.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ba na cewa a hana yara wasa, ƙuruciya ce, mu ma mun yi. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Uba, in ka sayi keke ka riƙa matsa birkinsa da hannunka duk mako. Uwa, in kin ga dugadugan takalmin ɗanki ya cinye gefe guda, ki bincika. Masu ba da haya ku ji tsoron Allah, robar birki ba ta kai kuɗin ɗinki a asibiti ba. Ku kuma 'yan mata, ku daina tafa wa mai ganganci, don tafinku ne man da ke tura shi.

Ɗan yayata kuwa, kafin magariba na tasa shi gaba har wajen mai gyara. Yana ta ƙunƙuni wai abokai za su yi masa dariya. Na kama hannunsa na ɗora a kan tabon nan, na ce ya je ya tambayi matar Kawunsa labarin. An mayar da birki gaba da baya, mun kuma yi alkawari: juyi a filin makaranta, titi kuwa sai da birki. Ko zai cika? Na bar wa yayata amanar sa ido.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.