Yawon buɗe ido a kan babur: A daina ɗora wa tsautsayi laifin sakaci

Duk wanda ya saba wucewa ta Kawo da safiyar Asabar, ko washegarin Sallah, ya taɓa ganinsu. Matasa ne a kan babura, biyar, bakwai, wani lokacin fiye da goma, sun jeru a bakin gidan mai. Wannan yana cika tanki, wancan yana gyara zaman wayarsa don ɗaukar bidiyo. Ba acaɓa suka fito ba, yawon buɗe ido za su. Wasu za su bi ta Rigachikun da Jaji su je su hau Dutsen Kufena a Zariya. Wasu za su ratse a Marabar Jos su nufi madatsar ruwa ta Kangimi. Masu dogon buri kuwa sai su tsallake Kogin Kaduna su bi hanyar Kachia, ko dai su tsaya a Kajuru, ko su zarce har Kafanchan don ganin ruwan Matsirga da duwatsun Kagoro.

Babu laifi a wannan sha'awa. Matashin da ya san jiharsa da idonsa ya fi wanda ya san ta a bakin mutane, musamman a jiha irin Kaduna, inda ɗan Unguwar Sarki zai iya girma har ya yi aure bai taɓa kwana a kudancin jihar ba. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babur ne abin hawan da talaka zai iya ɗaukar nauyinsa a doguwar tafiya.

Matsalar ita ce ba duk waɗanda suka fita ke dawowa yadda suka fita ba. Wani ya dawo a bayan a-kori-kura tare da babur ɗinsa da injin ya buga. Wani ya dawo da ƙafa a ɗaure. Wani kuwa sai dai a kira gida a ce a yi haƙuri. Kuma a duk inda aka zauna jaje ko ta'aziyya, magana ɗaya ce ke rufe bakin kowa: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Gaskiya ne, abin da Allah Ya ƙaddara babu mai tare shi, kuma kalmar tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Idan aka bi diddigin akasarin abin da ke samun masu yawon babur, za a tarar tun kafin a bar gida aka shuka shi. Kiran sa tsautsayi kawai, a kaɗe riga a tashi, shi ke sa ayarin mako mai zuwa ya sake faɗawa ramin da na wannan makon ya faɗa.

A fara da babur ɗin kansa. Yawancin waɗanda ake fita da su ƙanana ne irin su Boxer da Jincheng, waɗanda aka saba zirga-zirgar cikin gari da su, daga Malali zuwa Kasuwar Barci. Iska ce ke sanyaya injinsu. Idan aka ɗora wa irin wannan babur mutum biyu da jaka, aka murɗe shi har ƙarshe na tsawon awa biyu a zafin watan Maris, alhali baƙin man da ke ciki ya yi watanni ba a sauya ba, to bugawar injin ba abin mamaki ba ce. Haka tayar da ta suɗe, wadda aka yi wa faci uku ko huɗu: a cikin gari za ta sace a hankali a tura ta wajen mai faci, amma a kan kwalta mai zafi ana cikin gudu, fashewa take yi. Sarƙar da ta saki, birkin da ya cinye, fitilar da ba ta haska gaba da taku goma, duk abubuwa ne da bakanike zai gano cikin rabin awa, kuma kuɗin gyaransu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Sai lokacin tafiya. An saba cewa za a tashi ƙarfe bakwai, ba a tashi sai goma saboda jiran wane. A can kuma a shagala da ɗaukar hoto har la'asar sakaliya, sannan a kamo hanyar gida da magariba. Daga nan ne labari ke sauyawa. Da dare ne ake cin karo da tirelar da ta lalace a tsakiyar titi, ba ta da wata alama sai ganyen da aka zuba a bayanta. Da dare ne ramin da aka kauce wa da safe ke ɓacewa. A lokacin hunturu hazo na rage gani, a farkon damina kuma ruwan farko yana haɗuwa da ƙura da man da ya zuba a kan kwalta, titi ya yi santsi. Wanda ya san hanya ya san waɗannan duka, ba gaibu ba ne.

Na uku shi ne halin da ayari ke jefa mutum. Matashin da shi kaɗai yake tuƙi cikin natsuwa, da zarar ya ga abokai a gaba sai gasa ta tashi. Kundin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya sa wa babur iyakar gudun kilomita 50 a awa, amma da wuya a ga ayarin da ke kiyaye wannan a sabuwar kwaltar Kaduna zuwa Zariya. Gyaran titin ya rage ramuka, ya kuma ƙara gudu, ga manyan motoci da ke bin sa dare da rana. A kan haka ne wani zai saki hannu ɗaya yana ɗaukar bidiyon da zai ɗora a TikTok, wani ya miƙe tsaye a kan babur. Sunan wannan ganganci, kuma gara abokai su faɗa wa mai yin sa tun yana iya jin magana.

Babban abin takaicin shi ne hular kwano. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, kuma masu shekaru ba su manta yadda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna yi wa dokar ba'a ba. An yi dariya a lokacin, dokar kuma ta yi sanyi. Amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ba abin dariya ba ne: kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta ce hular kwano mai inganci, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida, tana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100. Matashin da ya iya sayen wayar dubu ɗari da wani abu ba zai ce tsada ce ta hana shi sayen hula ba. Uzurin zafi da na camfi kuwa ba sa tsayawa a gaban uwar da aka kawo wa ɗanta kai a fashe.

Wannan ba ya nufin wanda ya shirya ba zai gamu da matsala ba. A shekarar 2022, wani ɗan Najeriya mai suna Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur a watan Afrilu, ya iso Legas a ƙarshen watan Mayu, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan-inna. Ya ba da labarin yadda zafin Sahara ya kusa halaka shi, da yadda ƙafar babur ɗinsa ta lalace a ƙasar Mali. Wannan shi ne tsautsayi na gaskiya, wanda ke zuwa duk da shiri. Abin da ya raba shi da mai tashi daga Kawo da silifa da riga mai gajeren hannu shi ne, shi matsalar ta same shi da kayan kariya a jiki, da mutanen da suka san inda yake. Shiri ba ya hana faɗuwa, amma sau da yawa shi ke sa a tashi a kaɗe jiki.

A Kaduna akwai ƙarin wani haɗari da masu yawon babur a wasu ƙasashe ba su san shi ba, wato tsaro. Babur ne abin hawan 'yan bindiga, shi ya sa ayarin babura a hanyar daji ke tayar da hankalin ƙauyawa da jami'an tsaro. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta haramta acaɓa a birnin Kaduna da wasu manyan garuruwan jihar. A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta hana hawa babur baki ɗaya, na haya da na gida, na tsawon wata uku, ta kuma sa aka katse layukan waya a wasu yankuna. Su kansu wuraren shaƙatawar ba su tsira ba: a watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari gidan dutsen nan na Kajuru, suka kashe wata ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya da wani ɗan Najeriya. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa motoci sun koma bin hanyar da ta tashi daga Mando, amma hakan bai zama lasisin ratsa daji da magariba don neman wurin hoto ba. Wanda babur ɗinsa ya mutu a inda babu sabis, babu gari kusa, matsalarsa ta wuce ta bakanike.

Saboda haka gyaran yana farawa ne daga masu hawan. Kowane ayari ya zama yana da jagora a gaba da mai kula a baya, kada a bar kowa shi kaɗai. A kai babura wajen bakanike kwana ɗaya kafin tafiya. A riƙe tib na ko-ta-kwana da famfo da fulogi da 'yan sifanu, da ruwan sha da kayan ɗaure rauni. A tafi da takardun babur da katin shaida, a tsaya a kowane shingen bincike a yi bayani cikin ladabi. A tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar, domin sun fi kowace taswirar waya sani. A gaya wa na gida inda za a da lokacin dawowa, a ajiye lambar kiran gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra, 122, a waya. A kuma yanke doka ɗaya da ba a sassauta ta: wanda ba shi da hular kwano ba ya cikin tafiya, kuma rana ba za ta faɗi ana kan hanya ba.

Iyaye ma suna da nasu. Uban da ya saya wa ɗansa babur don zuwa makaranta, ya sayo da hula a rana ɗaya, ya kuma riƙa tambayar ina za a. Idan an samu karaya, a fara kai yaro asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a nemi mai ɗori. Akwai masu ɗori da suka san aikinsu, amma raunin kai da zubar jini ta ciki ba a ganinsu da ido, kuma jinkirin kwana biyu kan jawo a rasa ƙafa ko rai.

Hukumomi kuma su daina kallon mai babur a matsayin wanda ake zargi kawai. Haramci na iya zama dole a lokacin tashin hankali, amma ba ya koya wa kowa tuƙi. Ya kamata hukumar KASTLEA da ta kiyaye haɗurra su dawo da batun hular kwano da gaske, su fara da wayar da kai a makarantu da masallatai da coci-coci, su kuma sa ido kan hulunan roba marasa inganci da ke kasuwa. A yi wa ƙungiyoyin masu yawon babur rajista, a ba su horo, ta yadda jami'in da ke shinge zai iya bambance su da ɓata-gari. A janye motocin da suka lalace a kan titi da wuri, a sa alamu a kwanoni da gadoji. Asibitoci su tuna cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Kuma idan gwamnati da gaske take kan bunƙasa yawon buɗe ido, to hanyar zuwa Matsirga da Kufena da Kajuru tana cikin aikin, domin babu mai zuwa kallon ruwa idan bai da tabbacin komawa gida.

Za a ci gaba da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ba za a hana mai jimami faɗin haka ba. Sai dai Hausawan da suka yi wannan karin magana su ne kuma suka ce rigakafi ya fi magani. Ranar Asabar mai zuwa wani ayarin zai sake taruwa a Kawo. Kafin a tayar da babura, wani daga cikinsu ya duƙa ya duba tayoyi, ya ƙirga huluna, ya kuma faɗi ƙarfe nawa za a juyo gida.