Na'ura Ba Ta San Ranar Kasuwa Ba

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun, Anaca da Fatakwal, a Hedkwatar Tsaro ta Abuja manyan hafsoshi ke tsara yaƙi, amma a ƙauyukan da kuka baro iyayenku bam yake sauka. Don haka ya kamata mu san abin da kwamanda ya sani kafin ya ce a harba.

Masana a Amurka sun daɗe a kan wannan tambaya, musamman tun 1988, lokacin da jirgin ruwan yaƙinsu Vincennes ya harbo jirgin fasinja na Iran, mutum 290 suka halaka. A 1995 wata masaniya, Mica Endsley, ta kasa sanin halin fagen fama gida uku: ganin abu, gane ma'anarsa, da hasashen abin da zai biyo baya. A kan irin wannan ake gina wa kwamfuta kwaikwayon tunanin kwamanda. A ba ta rahotannin da suka iso masa, ta auna abin da zai ɗauka, a gwada da gaskiyar da ke ƙasa, a ga inda giɓi yake tun jini bai zuba ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann. Hedkwatar Tsaro ta ce sansanin ba ya cikin taswirar da aka yi aiki da ita. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi ya hangi taro a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aka ɗauka 'yan bindiga ne, ashe Maulidi ake yi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85. An gani, amma ba a gane ba.

Ra'ayina shi ne Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja ta sa Rann da Tudun Biri cikin irin wannan na'ura, kowane hafsa ya zauna a kujerar kwamandan ranar, ya ga inda aka kauce. Amma da sharaɗi. Kwamfuta abin da aka ɗura mata shi take amayarwa. Ba ta san ranar kasuwa ba, ba ta san burtali ko taron biki ba. Hakimai da dagatai su ne suka sani, sai a tambaye su.

Ku kuma ƙungiyoyin garuruwa da ke Sabo da Agege, ku rubuta wa 'yan majalisarku, ku tambaya ko ƙauyenku yana cikin taswirar soja. Rigakafi ya fi magani.