Kira ga Hukumomin Lafiya: A Bambanta Mana Sabuwar Korona da Murar Shekara Tun Kafin Wata Ta Ɓullo

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, mai girma Shugaban Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, wato NCDC, masu girma Gwamnonin jihohin Arewa da Kwamishinoninsu na lafiya: Na zaɓi in yi wannan kira ne yanzu da ƙura ta lafa. Tun ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke korona daga matakin gaggawa, kuma yau da wuya ka ga takunkumi a fuskar kowa a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi. Sai dai akwai magana guda da ta yi mana ɓarna a 2020, har gobe kuma tana bakin jama'a, wai ai korona mura ce kawai aka kambama. Duk ranar da wata sabuwar cutar numfashi ta ɓullo, da wannan maganar za a tarbe ta, kuma ku ne kuke da ikon gyara ta tun yanzu.

Ranku ya daɗe, har annobar ta zo ta wuce ba a zaunar da talaka an warware masa bambancin da harshen da yake ji ba. Mai cewa mura ce yana da abin kamawa, domin zazzaɓin iri ɗaya ne, tari da ciwon jiki da kasala duk iri ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a gida suka warke. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, murar shekara, wadda likitoci ke kira infuluwenza, tsohuwar sani ce ga jikin ɗan Adam. Mun sha yin ta, jiki ya koyi faɗa da ita, tana da rigakafin da ake sabuntawa duk shekara, tana da magani. Ita kuwa ƙwayar da ta ɓullo a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disambar 2019 ta tarar da duniya babu mai garkuwarta ko ɗaya. Masu mura 10 su kan shafa wa kusan mutum 13, amma a farkon annobar masu korona 10 su kan shafa wa 20 zuwa 30. Mura ta kan nuna kanta cikin kwana 1 zuwa 4, korona kuwa ta kan ɓuya har kwana 14, mutum yana cin kasuwarsa, yana shiga sahu, yana zuwa suna da ta'aziyya, bai san yana rarraba ta ba. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya mura na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara, alhali ƙarin mace-macen da aka samu saboda korona a 2020 da 2021 kaɗai ya kai kusan miliyan 14.9. Roƙona shi ne a mayar da wannan bayani shiri na dindindin a gidajen rediyon jihohi duk lokacin hunturu, likita ɗan gari ya zauna ya yi shi da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a buɗe layin waya jama'a su yi tambaya a ba su amsa.

Wannan kwatance ya cutar da mu ta wata fuskar kuma, domin ya sa ita kanta murar an raina ta. Korona ta fi kayar da tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga, amma mura mai zafi ta kan haɗa da ƙananan yara da masu juna biyu, ta sauka a ƙirji ta zama limoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 99 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke mutuwa ta wannan hanya a ƙasashe masu tasowa suke, wato irin namu. Tun 2008 Nijeriya ta fara sa ido kan mura ta hanyar ɗaukar samfuri a asibitoci huɗu, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Aiki ne mai kyau, amma Arewa ta fi ƙarfin idon asibiti guda. Mai girma Shugaban NCDC, a taimaka a faɗaɗa wannan aiki zuwa Sakkwato da Maiduguri da Yola da Zariya, a riƙa fitar da sakamakon a fili, domin wanda bai san yawan murar da ya saba gani duk shekara ba, ba zai gane ranar da baƙuwa ta shigo cikinta ba.

A nan ne nake so in ɗan daɗe, masu girma Gwamnoni, domin Kano ta ga abin da ido a watan Afrilun 2020. An tabbatar da kamuwar mutum na farko a jihar ranar 11 ga watan, kuma kafin a yi mako biyu unguwanni suka cika da zaman makoki. Ana idar da sallar wata gawa ana shigo da wata. Farfesoshi da malaman zaure da dattawan kasuwa suka riƙa tafiya a jere, wani a ce jiya da yamma aka gan shi a ƙofar gida. Waɗanda suka fara ankarar da duniya ba su da farar riga ko takardar shaida, masu haƙa kabari ne a maƙabartu irin su Dandolo, waɗanda suka ga aikin yini ya ninka har hannu ya gaji da diga. Da farko aka ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni, bayan an bi gida gida an tambayi iyalan mamata, Ministan Lafiya na wancan lokaci, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sila. Mun yi imani kwana ne ya ƙare, kuma addini ya umarce mu mu gaggauta kai mamaci makwancinsa, don haka wanda ya rasu da asuba kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Wannan bai hana a rubuta ba. Littafi guda a ƙofar kowace maƙabarta, a sa sunan unguwa da shekarun mamaci da abin da ya yi fama da shi, mai unguwa ya sa hannu, a tura adadin ga ma'aikatar lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa duk ranar Juma'a, da ya nuna wa hukuma abin da ke faruwa tun makon farko. Adadin da ƙasa ta rubuta a hukumance, mutum kusan 3,155 da korona ta kashe, shi ne masu cewa mura ce suke kafa hujja da shi, alhali mafi yawan mamatanmu ba sa shiga kowane kundi. Wannan gyara ba ya buƙatar kuɗin waje, umarninku kawai yake jira.

A daidai waɗancan kwanaki na Afrilun 2020 ne ɗakin gwaji guda da Kano ta dogara da shi ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, aka koma aika samfuri Abuja. Daga baya an buɗe ɗakunan gwaji kusan a kowace jiha, kuma an yaba. Muna roƙo kada a bar su su zama kufai. A ci gaba da ba su sinadarai da wuta da ma'aikata, su riƙa gwajin mura da mashaƙo da zazzaɓin Lassa, ta yadda injin zai kasance a kunne ranar da za a neme shi.

Haɗarin sabuwar cuta ya wuce yawan waɗanda take kashewa da kanta, domin ta kan kwantar da mutane da yawa lokaci guda, gadaje su cika, mai naƙuda da mai haɗarin mota su rasa wurin kwanciya. Abin da mai sarƙewar numfashi yake nema kuwa, ko korona ce ko mura ko limoniya, shi ne iskar oksijin. Ku dubi yadda abin yake a karkara. Dattijo ya kwana uku da zazzaɓi da tari, ɗansa ya je kemis aka haɗa masa maganin maleriya da farasitamol da kafso, ana jiran sauƙi har leɓe ya fara duhu, sannan a nemi mota. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa a ɗan yatsa, cikin ƙasa da minti ɗaya ta nuna yawan iskar da ke cikin jini, kuma kuɗinta bai kai na tayar mota ba. A Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa injinan samar da oksijin a wurare 38. Mai girma Minista, a sa a duba a gaya wa 'yan ƙasa guda nawa ke aiki yau. Masu girma Kwamishinoni, a sa wannan na'ura a kowace cibiyar lafiya ta matakin farko, a koya wa masu kemis alamar da za su gani su ce maza a wuce asibiti.

Rashin sanin girman haɗari kuma shi ya sa aka yi awon maganin da ka. Dokar kulle ta faɗa wa mai turin baro da mai sayar da ƙosai waɗanda sai sun fita suke ci. Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a makonni biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Aka kwashi almajirai cikin motoci daga jiha zuwa jiha, wasunsu suka isa gida da cutar. Kayan tallafin da aka tanada kuwa sai a Oktoban 2020 jama'a suka gan su jibge a rumbuna. Har yanzu zuciyata na ƙuna idan na tuna waɗancan almajirai. Abin da muke nema shi ne rubutaccen tsari tun yanzu, wanda ya fayyace wane mataki ake ɗauka idan cuta ta kai wane matsayi, da yadda abinci zai isa gida kafin a rufe ƙofa, a kuma karanta wa jama'a shi su san da zamansa.

Mai alfarma Sarkin Musulmi da masu martaba sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku. Jama'ar nan ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma wannan tabon na cikin abin da ya jawo ƙin rigakafin shan inna a 2003. Sai da kuka shigo da kanku, hakimai da dagatai suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, sannan zukata suka kwanta, har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta daji a Agustan 2020. A lokacin korona an makara wajen neman bakinku, jita-jita ta riga gaskiya shiga gari. A kafa zama na dindindin tsakanin likitoci da fada da limaman Juma'a, ko babu annoba, domin liman ya san bambancin nan kafin ya hau mumbari.

Mai girma Shugaban Hukumar Alhazai ta Ƙasa, dangin korona ba guda ba ne. Cutar MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 daga raƙuma take zuwa, kuma ta kashe kusan kashi 35 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Binciken da aka yi a mayankar Kano a 2015 ya sami ƙwayar a jikin raƙuma, ko da yake ba a tabbatar da kamuwar mutum a nan ba. Tarin da alhaji ke dawowa da shi mun saba ce masa tsarabar Makka, kuma galibi mura ce. A sa wannan darasi cikin bitar maniyyata, a kuma ba kowane alhaji lambar da zai kira idan numfashi ya yi masa nauyi cikin mako biyu da saukarsa.

Duk waɗannan suna komawa ga aljihu, masu girma Gwamnoni da 'yan majalisa. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma kasafin tarayya bai taɓa kai wa nan ba. Ko ba a cike giɓin a shekara guda ba, a ware layi na musamman don sa ido kan cututtukan numfashi, a saki kuɗinsa kafin hunturu ya kama, kuma Kwamishinan lafiya na kowace jiha ya zo rediyo a watan Nuwamba ya faɗi adadin injinan oksijin da ɗakunan gwajin da ke aiki a jiharsa.